Yadda Na Tona Asirin Surukina a Alƙahira

Tun da muka dawo daga Masar ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin tashar Malumfashi ba. Wannan ya ce na ga dalar Fir'auna, wancan ya ce ina tsarabarsa, wani kuma ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam Sada, ai kai ka more, ka ci arzikin suruki." To ga labarin morewar nan na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Dala dai ban gan ta ba. Abin da na gani shi ne matakalar bene, da bencin asibiti, da ƙeyar surukina.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Alhaji mahaifin matata Rabi ne. Manomi ne na gaske, gonakinsa na Gozaki, dawa da masara da waken suya, shekarunsa sun doshi saba'in. Shekara goma sha huɗu ina auren 'yarsa, ban taɓa jefa ko ƙwayar gyaɗa a baki a gabansa ba. Gaisuwa a tsugune, daga nesa, ido a ƙasa. Shi ma da yake Rabi ce 'yar farinsa ba ya kama sunanta. In ta kama dole sai ya ce "waccan".

Tun damina aka lura in ya taso daga masallaci sai ya tsaya a hanya ya dafe ƙirji, yana yi kamar ginin maƙwabci yake dubawa. Da ƙyar aka kai shi Kano. Likita ya ce kitse ya cushe jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, sai an ɗauki hotonsu an buɗe. Ana yin aikin a nan ƙasar, amma wani abokinsa ɗan kasuwar hatsi a Funtua a Masar aka yi masa, saboda haka zuciyar Baba ma ba za ta ji magani a ƙasa da Masar ba. Babban ɗansa fasfonsa ya mutu. Na biyun Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Sai aka waiwayo ni, malamin noma a sakandare, wanda a ganin dangi duk wanda ya san cutar masara ya san ta mutum.

Ana gobe tafiya, da la'asar, Rabi tana haɗa min kaya ta ce in zauna.

"Akwai abin da Baba ba zai faɗa wa likita ba," in ji ta. "Duk shekara in aka fara casar dawa borin jini ke taso masa, jiki duk ya yi rudu-rudu, kuma a lokacin ne ƙirjin ke fi matse shi. Sannan shekara biyu da suka wuce an yi masa wata allura za a ɗauki hoton cikinsa, fuskarsa ta kumbura, numfashi ya nemi gagara. Ya ce iska ce, ya hana a ƙara tayar da zancen. Daga ni sai Hajiyarmu muka sani. In an tambaya ka faɗa."

Na ce, "Ni? In tsaya gaban Baba in yi bayanin inda yake susa?"

Ta ce, "Kai ne bakinsa a can. In ka yi shiru wani abu ya same shi, ni ban san da wane ido zan dube ka ba."

Ta ci gaba da ninke riga kamar ba ta ɗora min dutse ba.

Muka kama hanyar Kano da safe, ta Ƙarfi. Baba na gaba, ni ina baya tsakanin garin tuwo, da kuka, da daddawa, da galan na man shanu, domin mutumin da kitse ya toshe wa jijiya ai ba ya tafiya ba man shanu. Titin kuwa kun san shi, in zuciyar mutum ba ta tsaya a ramukansa ba to Masar ma ɓata lokaci ce. Baba bai damu da ramuka ba. Gonakin mutane yake bi da ido yana yanke musu hukunci, wannan ya makara da taki, wancan rago ne gadon gidansu. Magana ɗaya ya yi min duk tafiyar: "Malam, kwana goma na ba su. Dawa ba ta jiran Balarabe."

A filin jirgi aka ce ya cire hula da takalmi ya wuce ta cikin na'ura. Na juya baya ina karanta wani allo da ban san abin da ya ƙunsa ba, don kada in ga kan surukina tsirara. A cikin jirgi kuma aka haɗa mu kujera, kafaɗa na gugar kafaɗa. Da aka kawo abinci na ce wa ma'aikaciyar azumi nake. Ranar Laraba ce. Baba ya jinjina kai ya ce Allah ya ba da lada, ya jawo nawa ya haɗa da nasa ya cinye.

Mun sauka Alƙahira yunwa na neman kayar da ni. Jami'in shige da fice ya buga mana hatimi ba dogon zance, amma na kwastan Allah ya haɗa shi da ledar daddawa. Ya kwance, ya sunsuna, ya ja baya, ya kira abokin aikinsa shi ma ya zo ya ɗebi rabonsa. Baba ya gyara tsayuwa ya yi musu bayani da Larabcin da ya koya a zaure, irin na littafi, su kuwa suka riƙe ciki suna dariya. A ƙarshe suka ɗaure ledar suka miƙo mana da hannu biyu. Ina jin sun lissafa ne cewa in suka ƙwace, a ofishinsu za ta kwana.

Masaukinmu ɗaki ɗaya ne da ɗan falo a hawa na biyar, kusa da asibitin. Mai gidan wani dattijo ne mai tumbi, Ammu Sabri. Yana ganin Baba ya rungume shi ya sumbace shi a kumatu, dama da hagu. Mutumin da ko jikokinsa ba sa taɓa masa gemu. Baba ya sandare, ni kuma na sake samun allon karantawa. Sai Ammu Sabri ya nuna mana wani ƙato da ke zaune ya ɗora ƙafa kan tebur yana cin abinci, ya ce mijin 'yarsa ne. Yana faɗa ya sa hannu a kwanon ƙaton ya ɗebo loma, ƙaton kuma ya dafa masa kafaɗa suna ta surutu baki cike. Baba ya kalle su ya ce a hankali, "Allah ya shirya." Na ce amin, amma gaskiya idona na kan kwanon.

Gado biyu ne a ɗakin. Na bar masa duka biyun na yi shimfiɗa a falo. Abinci kuwa na samo dabara. In na dama masa kunu ko na tuƙa masa tuwona mai gudaji, sai in ce zan je duba hanya. In sauka in sayi wakensu da suke dafawa har ya narke, da gurasa, in zauna a matakala tsakanin hawa na huɗu da na biyar, inda ba mai bi saboda kowa na hawa lif. Akwai kuma wani abincinsu da ake zuba shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, kamar mai girkin ta kasa yanke shawara. Ba laifi, yana riƙe ciki. Wata tsohuwa ta hawa na huɗu ta gan ni sau biyu, rana ta uku ta fito min da shayi tana girgiza kai tana nuna sama. Ta ɗauka uban gidana ne ke azabtar da ni. Ta yaya zan fahimtar da ita cewa girmamawa ce?

Tsallaka titi a garin nan shi ma ibada ne. Ba mai tsayawa, ba mai rage gudu, kowa hannunsa na kan hon. Mutum ya yi salati ya shiga kawai. 'Yan acaɓar Funtua in suka je can ladabi za a ba su lambar yabo a kai.

Rana ta uku muka ga likitar da za ta yi aikin. Mace ce, za ta yi hamsin, gilashi a karan hanci, magana ba kwana-kwana. Baba na ganin mace ce ya zaɓi wani wuri a bango ya kafa masa ido. Tana tambaya da Turanci, ina juyawa. Hawan jini, akwai. Taba, Allah ya kiyaye. Sai ta ce gobe da safe za su zura siririn bututu ta jijiyar hannu, su tura wani ruwa da ke sa jijiyoyin zuciya su fito a hoto. Ta ce, "Tambaye shi, akwai abin da ke sa masa ƙaiƙayi ko kumburi? An taɓa yi masa irin wannan allurar jikinsa ya ƙi ta?"

Na juya masa tambayar.

Ya ce, "Babu." Sannan ba tare da ya bar kallon bango ba ya ƙara, "Kalma ɗaya na faɗa, Malam. Kai ma ɗaya za ka faɗa."

Baba ya yi shekaru yana kai hatsi kudu. Ba ya jin Turanci, amma ya san tsawon a'a. Ni kuwa jarumin Rabi, bakin Baba a ƙasar waje, na buɗe baki na ce babu. Likita ta rubuta. Ina kallon biron na tafiya.

Na san dalilinsa. A wurinsa ƙaiƙayi ba ciwon dattijo ba ne, abin a zarge ka da ƙazanta ne. Ya kuma ji tsoron in ya faɗa a ce an fasa aikin, ya koma Malumfashi hannu rabbana ana cewa Masar ta ƙi shi, ga dawa na jira. Duk na gane. Amma muna fitowa na tuna fuskar Rabi. Na zaunar da shi a benci na ce zan karɓo takarda. Na koma da sauri na tare likita a baranda na zayyana mata komai, na roƙe ta don Allah ta yi abin da ya dace a asirce, kada ta nuna daga ina ta ji.

Na manta a ƙasar da nake. Mutanen da suruki ke cin kwano ɗaya da suruki, su ne za su riƙe min asiri? Matar nan ta kama hanya ƙwas-ƙwas har gaban bencin, ta tsaya kan Baba, ta nuna ni da yatsa ta ce da Larabci mai sauƙi, irin wanda ko ɗalibin zaure zai gane, "Wannan ya gaya min gaskiya. Kai ka ɓoye."

A karo na farko cikin shekara goma sha huɗu Baba ya dube ni ido cikin ido. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ta mayar da mu ofis ta ɗauki takarda tana zane. Ta ce a jikin kowa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gadi, a fata, a hanci, a huhu, har a bangon jijiyoyin jini. In suka haɗu da abin da jiki ya ƙi, ƙurar casa ce ko wata allura, sai su saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da atishawa. Ta ce a jijiyar da kitse ya fara taruwa masu gadin nan sukan yi yawa, kuma histamin na sassauta shimfiɗar cikin jijiya, sai kitsen da ke yawo a jini ya sami kafar shiga bango ya zauna, wurin ya riƙa kumbura yana ƙara kauri.

Na rasa yadda zan juya wannan, sai na ce, "Baba, kamar buhu ne in saƙarsa ta saki. Abin da bai kamata ya ratsa ba sai ya ratsa."

Na ga kunnensa ya motsa.

Ta ci gaba. Ta ce jijiyar zuciya mai lafiya ba ta cika damuwa da histamin ba, amma wadda ta riga ta lalace tana iya tsukewa in ya taso da yawa, shi ya sa ƙirjinsa ke matsewa a lokacin borin jini. Wani lokaci ma tarin kitsen kan fashe, jini ya daskare a wurin, hanya ta rufe gaba ɗaya. Ta ce da sun tura masa ruwan hoton gobe ba shiri, jikin da ya taɓa ƙin sa, a kan jijiyoyin da suka rage kamar zare, ita ba ta son ta ƙarasa zancen.

Na juya duka, ban rage ba. Tunda an riga an jiƙe, ba a tsoron yayyafi.

Sai ga Baba ya yi magana, da bango yake yi amma mu ake nufi. "To in abin na ƙaiƙayi ne, a ba ni ƙwayar ƙaiƙayi ta kemis mu koma. Da ma na ce ba sai an zo ba."

Da na juya mata, likita ta cire gilashi ta yi dariya. Ta ce ƙwayar tana kwantar da fata, amma ba ta kwashe kitsen da ya shekara talatin yana taruwa. Ta ce histamin ɗan kanzagi ne, masu bincike ma har yanzu suna auna girman laifinsa. Manyan masu laifin su ne hawan jini, da shekaru, da abin da ake ci. Ta tambaya ko yana cin maiƙo da yawa. Na tuna galan ɗin da ke masauki. Baba ya juyo da ido. Na ce a raina yau dai an gama da ni, na ce mata ƙwarai kuwa.

Aka ɗaga aikin da kwana biyu, a ba shi magungunan da za su kwantar da masu gadin, a kuma canza irin ruwan hoton. Kwana biyun nan Baba bai ce min uffan ba. In yana son ruwa sai ya gaya wa buta. In kai masa kunu ya sha ya ture kwanon da ƙafa. Na kira Rabi daga matakala na ce, "Na faɗa, kuma ina jin aurenmu ya zo ƙarshe." Ta ce, "Yana numfashi?" Na ce yana yi. Ta ce, "To ya yi ta fushi."

Ranar aikin aka sa masa rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Wannan karon ban nemi allo ba, ni na ɗaure masa igiyar. A nan na ga bayan nasa, duk tabon susa, tsoho kan sabo, na shekara da shekaru. Mutumin nan yana tsaye a masussuka kowace kaka yana ba da umarni, jikinsa na cin wuta, bai taɓa cewa wash ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla. Aka tura shi ciki, na zauna a benci ina jan carbi, ban san me nake karantawa ba.

Da likita ta fito ta zauna kusa da ni. Ta ce an buɗe jijiya biyu, an sa musu 'yan ƙarafa masu kama da sifirin biro don kada su sake rufewa. Ta ce duk da shirin da aka yi, ana tura ruwan fatarsa ta taso, leɓensa ya kumbura, jininsa ya ɗan sauka. Amma da yake allurar taimako na hannun nas tun kafin a fara, nan da nan aka shawo kansa. Ta dafa min hannu ta tashi.

Washegari aka kawo masa abincin asibiti, dafaffen kifi da ganye, ba gishiri ba mai, abin da ko akuya sai ta yi shawara. Na miƙe zan je duba hanya kamar kullum.

Ya ce, "Malam, zauna." Muryar a dishe. "Hanyar nan da kake dubawa kullum a matakala, ta gyaru?"

Ashe ya sani. Ya turo farantin tsakiyarmu ya ce, "Wanda ya tona min asiri gaban Balarabiya, kunyar kifi kuma ta mece ce? Sa hannu."

Na sa. Wallahi ban taɓa cin abu marar daɗi irinsa ba, kuma ban bar ko ƙaya ba.

Kwana goma sha shida muka yi maimakon goma. Galan ɗin man shanu Ammu Sabri muka bar wa, ya sake sumbatar Baba, Baba ya sake sandarewa. Muna sauka Kano kunya ta dawo mazauninta, ya shiga gaba na shiga baya. A gida mutane suka cika zaure ana ta barka da dawowa. Aka tambaye shi me Larabawa suka gani. Ya ce, "Ba komai, ɗan kitse ne suka share. Ko ba haka ba, Malam?" Na ce haka ne, Baba. A Malumfashi muke yanzu, na san tsawon amsata.

An yi casar bana ba shi a masussuka. Yana cikin mota a bakin gona a Gozaki, gilashi a rufe, takunkumi a hanci, yana zagin masu injin da hannu. Ranar da aka ɗinke buhu na ƙarshe ya sa aka kira ni. Na tsuguna a bakin ƙofar motar. Ya zaro wani ɗan kati daga aljihu, wanda likita ta rubuta masa sunan ruwan da jikinsa ya ƙi, ta ce duk asibitin da ya je ya nuna. Na san ba zai taɓa nunawa ba. Shi ma ya sani.

Ya miƙo min ya ce, "Riƙe wannan. Duk ranar da aka kwashe ni zuwa asibiti, in na ce babu, kai ka faɗi naka. Na ga bakinka ba shi da linzami."

Na karɓa da hannu biyu. Har na miƙe ya ce, "Malam." Ya kawar da kai yana kallon buhunan. "Ka gaya wa waccan, na san ita ta aike ka. Allah ya yi mata albarka."

Da na isar da saƙon, Rabi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba. Katin yana cikin aljihun gaban rigata har yanzu, kuma duk mai neman tsarabar Masar, ita ke nan abin da na kawo.